Taswirar Cikin Ƙwaƙwalwa: Kira Ga Malamai Da Attajirai

Ya ku malamai da fatake na ƙasar Ƙaraye da Rogo, ku sani Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya rubuta cewa ƙwaƙwalwa tana da ɗakuna, kowanne da aikinsa, amma bai sami hanyar ganinsu a jikin mai rai ba. To, yau ana ganin cikin kai ba tare da an tsaga shi ba.

Na'urar da ke wannan aiki sunanta MRI. Maganaɗisu ne babba mai rami, majinyaci ya kwanta ciki, babu ƙarfe tare da shi. Ruwan da ke cikin nama shi ke amsa wa maganaɗisun, kwamfuta ta mai da amsar hoto. Lautaba na Amurka ya bayyana wannan hikima a 1973, Mansfil na Ingila ya ƙara mata sauri, aka ba su lambar Nobel a 2003.

Da ita masana ke zana taswirar sassan da ke binne can tsakiyar kai. Akwai hifokamfas, mai riƙe sabon karatu, in ya yi tabo yakan jawo farfaɗiya. Akwai wani ɗan baƙin sashe, in ƙwayoyinsa suka mutu sai hannu ya kama makyarkyata.

Ga dalilin da ya sa muka ɗauko zancen. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu farfaɗiya sun kai wajen miliyan 50, kuma har bakwai cikin goma suna iya daina faɗuwa in sun sami magani. Amma a garuruwanmu, yaro ya faɗi sai a ce iska ce, a ware masa kwano, a cire shi daga makaranta, alhali ba a ɗaukar cutar ta yawu.

Allah Ya gafarta Malam, wurinka ake fara zuwa. In ka yi addu'a, ka umarci iyaye su ga likita. Shi zai duba, in da bukatar hoto ya tura su Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kai kuma Alhaji, kuɗin mota daga Yammedi da kuɗin hoto sun fi ƙarfin talaka. Ku 'yan kasuwa ku kafa asusu saboda wannan, don wanda ya ƙi zuwa saboda rashi ba jahilci ne ya hana shi ba.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi. Haza wassalam.