Ƙetare iyakar katin bashi: Ƙaramin kuskure mai dogon tabo

A Kantin Kwari da Kasuwar Singa a Kano, har gobe ana ɗaukar kayan miliyoyin naira bashi ba tare da an sa hannu a ko da fallen takarda ɗaya ba. Abin da maigida yake dubawa shi ne halin mai ɗaukar kayan: in an ce masa ya ɗauki dila biyu, a biyun yake tsayawa, ko sai ya ƙara ta uku ba da izini ba? Wanda ya saba zarcewa, ko da yana biya, wata rana zai zo a ce masa kaya sun ƙare. Ba za a faɗa masa dalili ba, amma duk 'yan layin sun san dalilin.

Bankuna ma irin wannan lissafin suke yi wa mai katin bashi, sai dai da bambanci biyu. Maigidan kasuwa yana da kunnen jin uzuri, na'urar banki kuwa lamba kawai ta sani. Sannan abin da banki ɗaya ya rubuta a kan mutum, sauran bankuna suna iya gani.

Batun ya ƙara muhimmanci ne tun daga watan Afrilun 2024, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin bashin masu saye a ƙarƙashin hukumar CREDICORP, wanda aka fara da ma'aikatan gwamnati, da burin rabin 'yan Najeriya masu aiki su samu damar irin wannan bashi nan da shekarar 2030. A wannan shekarar ta 2024 ne mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba. Da albashi ya daina kai mutane ƙarshen wata, sai tayin katin bashi, da bashin kafin albashi, da damar cirar fiye da abin da ke cikin asusu ya samu kasuwa. Da yawa sun karɓa ba su san cewa an buɗe musu wani littafi da zai daɗe yana bin su ba.

Yadda ake ƙetare iyaka ba a sani ba

Katin cirar kuɗi da kowa ya saba da shi, kuɗin mutum yake fitar masa. Katin bashi kuwa kuɗin banki ne, an ƙayyade wa mai shi adadin da ba zai wuce ba, yana kashewa yana mayarwa. Wannan adadin shi ne iyakar katin.

Mutane da dama suna zaton tunda na'ura tana ƙin karɓar kati idan ciniki ya fi abin da ya rage a kansa, ba yadda za a yi su wuce iyaka. A nan kuskuren yake. Ɗauki misalin ma'aikacin da iyakar katinsa naira 500,000 ce, ya kashe 490,000 a kuɗin makarantar yara da kayan abinci. A ganinsa da sauran 10,000. Mu ƙaddara kuɗin ruwan katin kashi 3 cikin 100 ne a wata: ranar da banki ya rufe lissafi zai ɗora masa naira 14,700, bashin ya koma 504,700. Ya ƙetare iyaka yana zaune a gida, ko ashana bai saya ba.

Haka kuɗin kula da kati, da kuɗin tashoshin talabijin ko na wata manhaja da mutum ya amince a riƙa cira duk wata ya manta da su, duk suna iya tura shi gaba da layi. Ɗan kasuwar da ke biyan kaya da kuɗin waje yana da ƙarin haɗari, domin farashin canjin ranar da ya yi ciniki ba lallai ya zama shi ne na ranar da banki ya kammala lissafin ba. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati kafin watan Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024 ba ya buƙatar dogon bayani. Akwai kuma lokacin da banki da kansa yake rage wa mutum iyaka, sai bashin da jiya yake cikin ƙa'ida yau ya zama ya zarce.

Inda labarin yake zuwa

A watan Mayun 2017 ne Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a dokar bayar da rahoton bashi. Kamfanoni uku ne Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ba lasisin tattara waɗannan bayanai: CRC, da FirstCentral, da CreditRegistry. Bankuna da sauran masu bayar da bashi suna aika musu bayanin abokan hulɗarsu a kai a kai: nawa aka ba mutum, nawa ake bin sa, ya biya a kan lokaci ko ya makara. Babban Bankin ya kuma umarci bankuna su nemi rahoto daga aƙalla biyu cikin kamfanonin kafin su ba kowa bashi. Lambar BVN, wadda aka fito da ita a 2014, ita ce igiyar da ta ɗaure duk asusun mutum wuri guda, don haka sauya banki ba ya goge komai.

Daga waɗannan bayanai ake fitar wa mutum maki, galibi tsakanin 300 zuwa 850. Kowane kamfani da irin ma'auninsa, amma tsarin FICO na Amurka, wanda ya fi shahara a duniya, ya bayyana nasa a fili: kashi 35 cikin 100 na makin yana rataye ne a kan biya a kan lokaci, kashi 30 kuma a kan yawan abin da ake bin mutum, musamman idan aka gwada shi da iyakar da aka ba shi. Wato abubuwa biyun da ƙetare iyaka yake taɓawa su ne kusan kashi biyu cikin uku na makin.

Masu hulɗa da bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, kada su ɗauka maganar ba ta shafe su ba. Wanda aka sayar wa mota ko kayan sana'a a kan biya kaɗan-kaɗan, shi ma tarihin biyansa yana shiga waɗannan rumbuna.

Lahanin hawa uku ne

Hawa na farko shi ne kusantar iyaka. Mai katin naira 500,000 da kullum ake bin sa 450,000 bai karya ƙa'ida ba, amma a idon mai bayar da bashi mutum ne da ya jingina da bango. Shi ya sa masu ba da shawara a harkar suke cewa kada abin da ke kan kati ya wuce kashi 30 cikin 100 na iyakarsa. Wannan shawara ce, ba doka ba, amma tana nuna inda makin yake fara sauka.

Hawa na biyu shi ne ƙetarewar kanta. A nan banki yana iya ɗora tara gwargwadon abin da ke cikin yarjejeniya, ya dakatar da katin, ko ya buƙaci a biya rarar nan take a kan abin da aka saba biya duk wata. Labari mai daɗi shi ne wannan rauni yana warkewa da wuri: in aka biya rarar aka sauke bashin, rahoton da zai biyo baya zai nuna hakan, makin ya fara farfaɗowa. Sau ɗaya tsautsayi ne. Wata uku a jere kuwa hali ne, kuma haka za a karanta shi.

Hawa na uku shi ne mai tabo. Sau da yawa ƙarin da aka ɗora wa mutum saboda ya zarce shi ke sa ya kasa cika biyan watan, sai a rubuta masa makara. Idan ta kai kwana 90, bashin ya shiga sahun waɗanda ba a biya. Dokar 2017 ta ce a ajiye bayanan bashi aƙalla shekara shida, don haka ko an biya daga baya, tarihin makarar yana nan. Ga kuma tsarin GSI da Babban Bankin ya fara aiki da shi ranar 1 ga Agustan 2020, wanda ya ba banki damar kwaso bashin da lokacinsa ya wuce daga asusun mutum na wasu bankuna, bisa izinin da ya sa wa hannu ranar karɓar bashin.

Asarar gaskiya ba tarar naira dubu kaɗan ba ce. Ita ce ranar da ma'aikaci zai nemi bashin gida ko na mota a ce bai cancanta ba, ko ɗan kasuwa ya nemi jarin sarin kayan sallah a ba shi rabin abin da ya nema, da tsada.

Abin da ya rage wa mai kati

Rigakafin ba shi da wuya. A bar wa kuɗin ruwa da cajin banki gurbi a ƙasan iyaka. A san ranar da banki yake rufe lissafin wata, a rage bashin kafin ranar, domin abin da aka tarar a lokacin shi ne yawanci ake aikawa. Ɗan kasuwa ya raba katin shago da na cefane. Wanda ya ga zai gaza, ya je banki tun kafin ranar biya ya nemi a sake tsara masa, domin mai zuwa da ƙafarsa ba ɗaya yake da wanda aka nemo ba. Neman sabon bashi a manhajoji uku ko huɗu don toshe na farko kuwa, tona rami ne a cike wani, kuma kowace nema tana iya barin sawu a rahoto.

Doka ta ba kowa damar karɓar rahoton bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara, da damar ƙalubalantar kuskure idan ya gani. Wanda bankinsa ya yi biris da ƙorafinsa yana iya kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin. Ya kamata a riƙa dubawa, domin akan samu bashin da aka gama biya amma ba a sabunta bayaninsa ba.

Nauyin da ke kan bankuna da hukuma

Ba daidai ba ne a ɗora wa mai kati laifin duka. Bankin da yake tallata bashi da Hausa a rediyo, amma sharuɗɗansa suna cikin ƙananan haruffan Turanci, bai sauke nauyin da ke kansa ba. A Amurka, tun dokar katin bashi ta 2009 aka hana cajin tarar ƙetare iyaka sai in mai katin ya amince tun farko a riƙa barin cinikinsa ya zarce. Babu abin da zai hana Babban Bankin Najeriya ya shimfiɗa irin wannan ƙa'ida a fili, ya kuma wajabta wa bankuna tura saƙon gargaɗi, cikin harshen da mutum ya zaɓa, da zarar ya doshi iyakarsa.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gwamnatin da take son rabin ma'aikatan ƙasa su shiga tsarin bashi, wajibi ne ta tabbatar sun san yadda ake auna su kafin su sa hannu. In ba haka ba, shirin da aka kawo don sauƙaƙa wa mutane zai ƙare da rufe wa dubbai ƙofar banki saboda naira 4,700 da ba su ma san sun ci ba.