Me Ɗalibi Musulmi Ke Nema A Jarrabawar Mabusa?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Wani dattijo daga cikin masu karanta wannan mujalla ya aiko mana da takarda yana neman shawara. Ɗansa, wanda ya samu gurbin karatun injiniya a wata jami'a ta Amurka, ya sanar da shi cewa zai shiga jarrabawar ƙungiyar mabusa ta jami'ar, tunda dama ya taɓa riƙe begila a badujalar makarantarsu ta sakandare. Yaron ya nemi ya kwantar wa mahaifin nasa da hankali da abubuwa uku: wai babu waƙar baki, babu rawa, kuma har maki ake bayarwa. Dattijon ya ce shi dai ransa bai kwanta ba, amma ya rasa hujjar da zai ba yaron. To, ran nasa ya faɗa masa gaskiya, kuma za mu nuna dalili in Allah Ya so.

Ya 'yan'uwa, kada a ɗauka wannan ƙungiya irin badujalar fareti ce da muka sani. Asalin wannan tsari yana komawa ga wani malamin kiɗa mai suna Frederick Fennell, wanda a shekarar 1952 ya kafa ƙungiyar mabusa a makarantar kiɗa ta Eastman, ta Jami'ar Rochester da ke Jihar New York. Kafin shi, jami'o'in Amurka sun saba da manyan badujaloli inda mutane da yawa ke busa sashe ɗaya, mai rauni ya fake a bayan gwani. Shi kuwa ya rage su zuwa kimanin mutum 45, ya ba kowane mabushi nasa sashen shi kaɗai, daga masu sarewa da kilarinet da obo, wadda 'yar'uwar algaitarmu ce, har zuwa masu manyan ƙahonin tagulla da makaɗa. Jami'o'i da yawa suka kwaikwayi wannan tsari, har ya zama a yawancinsu ita ce ƙololuwar ƙungiyoyin busa.

Saboda haka ne ƙofarta ta zama ƙunci. A farkon zangon karatu akan ba masu neman shiga wasu gutsattsarin kiɗa su je su gwanance. Ranar jarrabawa mutum zai busa su, a sa shi hawa da saukar sauti, sau da yawa kuma a miƙa masa takardar kiɗan da bai taɓa gani ba, a ce ya busa nan take. A jami'o'i da dama akan saki labule tsakaninsa da alƙalai, a kira shi da lamba maimakon suna, don kada sanayya ta yi aiki. Bayan haka sai a liƙa sakamako: wane ya samu kujera ta ɗaya, wane ta biyu, wane kuma a tura shi ƙaramar ƙungiya. Kujerar ma ba ta gado ba ce, domin baɗi sai ya sake zama a gwada shi da sababbin zuwa.

Wanda ya fahimci wannan ya san cewa kalmar "nishaɗi" da yaranmu ke fakewa da ita ba ta da wurin zama a nan. Abokan takarar yaron nan, da yawansu kiɗan suka zo karanta, tun suna ƙanana suke busa. Ba zai kamo su ba sai ya ba ƙahon nan sa'o'i a kowace rana, domin leɓen mai busa yana sanyi da zarar an yi kwanaki ba a motsa shi ba. In ya ci jarrabawar, ga atisaye sau biyu ko uku a mako, kuma tunda shi kaɗai ke riƙe da sashensa, rashin zuwansa giɓi ne da kowa zai ji. Mu tambaya: a lokacin sanyi, da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe biyar a arewacin Amurka, in Magariba ta riske shi a tsakiyar atisaye, zai ajiye ƙaho ya fita, alhali mai sanda yana tsaye mutum arba'in suna jiransa? Rana ɗaya zai iya. Zango guda fa? Duk wannan kuwa a kan maki ɗaya tak, wanda shi ne abin da akasari ake bayarwa, alhali darasin lissafi guda yana ɗauke da uku ko huɗu.

Sannan ga abin da yaron bai faɗa wa mahaifinsa ba, wataƙila don shi ma bai sani ba. Mabushi ba shi ke zaɓen abin da zai busa ba. Jagora ke zaɓa. Kuma wani kaso mai yawa na kiɗan da waɗannan ƙungiyoyi ke ji da shi daga coci ya fito. Ɗaya daga cikin mafiya shahara shi ne wanda Alfred Reed ya tsara a 1944 a kan kiɗan Kirsimeti na cocin Rasha, haka kuma David Maslanka ya cika ayyukansa da karin waƙoƙin ibada na Bach. Ba mu ga laifin Kirista ba in ya busa abin da ya gada daga addininsa. Ɗanmu muke tambaya: cire kalmomi daga waƙar ibada yana mayar da ita ba ta ibada ba?

Game da hukunci kuwa, ba za mu ɓoye cewa akwai saɓani ba, domin ɓoye ilimi ba ɗabi'armu ba ce. Ibnu Hazmin ya halatta kayan kiɗa, yana ganin hadisin da Bukhari ya kawo a kansu yankakke ne. Amma Ibnus Salahi ya yi masa raddi, Ibnu Hajar kuma ya tattaro hanyoyin hadisin ya nuna a sadar yake. Abin da ya shahara a mazhabobin nan huɗu shi ne hani, kuma duk almajirin da ya sauke Risala ya san Ibnu Abi Zaidin ya hana sauraron kayan wargi da gangan. Masu neman sassauci sukan ruga wurin Imam Gazali. To, su karanta shi da kyau: a cikin Ihya'u ya yi rangwame a kan waƙa da wasu ganguna, amma ya ware kayan tsirkiya da mizmarai, wato kayan busa irin na 'yan shagali, ya hana su. Ashe ma inuwar da aka gudu gare ta ba ta rufe wannan ƙungiya ba.

Wani zai ce, ina kakaki da algaita a ƙofar sarakunanmu? Wannan tambaya Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya riga mu amsa ta. A Kitabul Farƙi ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana cikin al'adun mulkin da ya yi jihadi a kansu, bai bar ƙofa ba sai ga tambarin da ke da manufa ta shari'a, kamar tara runduna ko shelar idi. Dawowar abin daga baya ba hujja ba ce.

Sai dai akwai abin kunya a gare mu cikin wannan labari, kuma dole mu faɗe shi. Mutanen nan suna sakin labule don kada son kai ya shiga zaɓen mai busa sarewa. Mu kuwa sau nawa muke miƙa limanci ga wanda bai gyara Fatiha ba, don ɗan wane ne, ko don shi ya gina masallacin? Yaron da ya ga wurin da ake auna gwaninta da gaskiya, ba mamaki zuciyarsa ta karkata can. Musabaƙar Alƙur'ani da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986 ta nuna mu ma muna iya zama mu auna harafi da madda da numfashi ba sani ba sabo. Saura mu kai wannan awo cikin masallatanmu.

Ga dattijon da ya rubuto mana: kada ka yi wa yaron baki, kada kuma ka yanke masa kuɗin makaranta. Ka ce ya aiko maka da jadawalin atisayen, ya ɗora shi a kan lokutan salla na garin da yake, ya kuma nemo jerin kiɗan da ƙungiyar ta busa bara, ya bincika asalin kowanne. Sannan ka tambaye shi ko ya taɓa leƙa Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a Amurka tun 1963, kuma take da rassa a jami'o'i masu yawa. Sau da yawa ɗalibi ne ke jan su salla a can, kuma mai dogon numfashi suke nema.