YARON DA YA HADDACE SURA AMMA BAI IYA CEWA "INA JIN ƘISHI" BA



Akwai maganar da nake yawan ji a lungunanmu na cikin birni, daga Mandawari har Yakasai: "Ai yaron nan lafiyarsa ƙalau, tun daga Nasi har Sabbi yana karantawa da ka." Masha Allah. To amma ki kira sunansa, bai waiwayo ba. Yana jin ƙishi, sai ya kama hannunki ya ja ki gaban randa, ko kuma ya fashe da kuka. Ki ce masa "kana son ruwa?" ya maimaita miki "kana son ruwa?" da irin muryarki.

Ra'ayina shi ne mu daina auna bakin yaro da hadda. Maimaita abin da kunne ya ji daban, amfani da magana don biyan buƙata daban. Yara da dama masu larurar da likitoci ke kira otizim, wadda a rediyo ake ce wa galahanga, Allah Ya ba su ƙarfin hadda na ban mamaki, shi ya sa larurar ke ɓuya a makarantar allo, tunda a can biya karatu ake nema. Sai an kai shi firamare a ga ba ya bin umarni, a ce taurin kai ne, a sa bulala.

Larurar ba sabuwa ba ce. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana ta tun 1943, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita, an fi samunta ga maza. Ba laifin tarbiyyar uwa ba ne, allurar rigakafi kuma ba ita ke kawo ta ba.

Me za a duba a gida? Ɗan shekara ɗaya ya kamata ya juyo in an kira sunansa, ya riƙa nuna abu da yatsa. Wajen wata 16 a ji kalma ɗaya-ɗaya. Shekara biyu, ya haɗa kalma biyu da kansa, kamar "ba ni" ko "Baba zo". In kuwa ya fara magana sannan ta ɗauke, kada a jira ko sati. Ni abin da na fi ba muhimmanci shi ne nunin nan: in ya ga akuya a ƙofar gida, yana nuna ta ya dubi fuskarki don ku gani tare? Yana wasan tuwon ƙasa da yara, ko jera murafen kwalba yake yi shi kaɗai?

Ku ɗauki sati biyu kuna rubutawa, ku ɗauki bidiyo a waya. Sannan a fara da gwajin kunne, domin yaron da ba ya ji sosai shi ma ba ya amsa kira. Asibitin yara na Hasiya Bayero yana nan cikin gari, ga Asibitin Murtala, ga na Malam Aminu Kano in an tura ku gaba.

Maigida, don Allah ka tafi da uwar yaron. Ita ke wuni da shi, ita za ta amsa tambayoyin likita. Ku nemi a gwada shi da Hausa, domin yawancin gwaje-gwajen nan a Turai da Amurka aka tsara su, da hotunan abubuwan da ɗan Kano bai taɓa gani ba. Kuma mu nan muna koya wa yaro sunkuyar da kai a gaban manya, saboda haka ƙin kallon idon baƙo ba hujja ba ce ita kaɗai. Ku faɗa wa likita yadda yake da ku a ɗaki.

Na san wasu za su ce shafar aljanu ce. Ku yi wa ɗanku addu'a da azkar safe da yamma, ba mai hana ku, Manzon Allah (SAW) kuma ya umarce mu da neman magani. Sai dai amana ta sa in faɗa: zuma da habbatus sauda abinci ne masu albarka, amma ba su warkar da wannan larura. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya buɗe bakin yaro cikin kwana bakwai, ku riƙe kuɗinku. Hayaƙi da ɗauri da duka kuwa ƙara firgita shi suke yi. Abin da ke taimakawa shi ne horo da wuri: gajerun kalmomi, nuna masa kofi kina cewa "ruwa", ki ɗan dakata ya gwada kafin ki miƙa masa, kullum kullum. Malamin makarantar allonsa ma a sanar da shi sakamakon gwajin, ya ajiye dorina.

Allah Ya ba yaranmu lafiya. A tura wa sauran iyaye.