Ruwa Toka Ne, Ba Ya Sake Cin Wuta

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, wani irin bidiyo ya samu kasuwa a wayoyinmu. Matashi ne a tsakar gida, janareta a gabansa. Ya tsiyaya ruwa daga jarka, ya ja igiya, ƙwai ya kama. A ƙasa kuma ga addu'o'i nan rututu: Allah ya ƙara basira, gwamnati ta tallafa masa, kada Turawa su sace mana shi.

Ni ma na taɓa rubuta irin wannan labari a shekarata ta farko a aiki. Na tambayi yaron makarantar da ya yi da burinsa a rayuwa, amma ban tambaye shi abin da ke cikin ɗan akwatin da ya naɗe da salatif a gefen injin ba. Har yau abin yana damuna, domin ina da yaƙinin cewa akwai wanda ya karanta labarin ya zuba kuɗinsa. Ra'ayina a yau shi ne, ɗan jaridar da ya yaɗa labarin inji mai shan ruwa ya cuci mai karatu, kuma ya fi cutar yaron da yake yabo.

Dalilin yana cikin ruwan kansa. Idan iskar haidirojin ta ci wuta, wato ta haɗu da iskar oksijin, zafi mai yawa yana fita, abin da ya rage shi ne ruwa. Ke nan ruwa shi ne tokar haidirojin. Matar da ta gama tuwo ba ta kwashe tokar murhu ta ajiye don girkin gobe, domin ta san abin da ke cikin itacen ya riga ya fita. Ana iya raba ruwa a dawo da haidirojin, ana ma yin hakan a masana'antu da wutar lantarki. Sai dai akwai farashi, kuma an daɗe da auna shi. Kowane giram 18 na ruwa, wato cokalin cin abinci guda da ɗan ƙari, yana bukatar aƙalla kilojul 237 na lantarki kafin ya rabu. A lissafin mitar gida, lita ɗaya tana cin kusan yunit 3.7, in na'urar ba ta yi asarar komai ba. Na'urorin gaske suna cin fiye da yunit biyar. In ka ƙona iskar da ka samu a injin janareta, da ƙyar za ka mai da yunit ɗaya da 'yan kai, sauran ya bi iska a matsayin zafi. Wanda ya sa biyar ya kwashi ɗaya, da me zai sake raba wani ruwan, balle ya haska gida?

Wancan adadi na 237 yana da suna, kuma a sunan ne wasu ke fakewa. Josiah Willard Gibbs, malami a Jami'ar Yale ta Amurka, shi ne ya shimfiɗa lissafin a wani dogon rubutu da ya fito tsakanin 1875 da 1878. Ma'aunin da ke ɗauke da sunansa yana nuna yawan makamashin da yake a sake, wanda za a iya sa shi aiki, a duk lokacin da sinadarai suka sauya. Abin takaici, kalmar Ingilishi da aka laƙaba wa wannan sakakken makamashi ita ce kuma ke nufin kyauta, sai masu tallar injinan banza suka ɗauke ta suka manna a bidiyonsu. Gibbs bai yi wa kowa alkawarin kyauta ba. Abin da ya ce shi ne, sauyin da sakakken makamashi ke raguwa a cikinsa zai iya faruwa da kansa, kamar ruwa mai bin gangara. Wanda yake ƙaruwa a cikinsa kuwa sai an tura shi da ƙarfi daga waje. Ƙonewar haidirojin gangara ce. Raba ruwa hawan tudu ne, kuma tudun ɗaya ne, tsayinsa bai canza ba.

Abu biyu ne ke haɗuwa su ba da wannan ma'auni. Na farko zafin da sauyin ke fitarwa ko yake sha. Na biyu shi ne abin da Bajamushe Rudolf Clausius ya raɗa wa suna entirofi a 1865, wato gwargwadon yadda makamashi da ƙwayoyin abu suka bazu. Abin da ya bazu ba ya tattaruwa da kansa. Turaren da ya cika ɗaki ba ya komawa kasko.

Randa ta fi kowane allo bayyana wannan. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana zama tururi, kuma don ya zama tururi sai ya sha zafi daga ruwan da ke ciki, shi ya sa na cikin yake sanyi. A nan zafi ake sha, ba fitarwa ake yi ba, amma abin yana faruwa ba tare da an tura shi ba, domin bazuwar tururin cikin busasshiyar iska ta rinjayi zafin da aka sha. Duk wanda ya girma da randa ya san ta fi sanyi lokacin hunturu da bazara, kuma tana yin kasala da damina, sa'ad da iska ta ƙoshi da laima. Ko ita ba kyauta take yi ba: ruwa take biya da shi, sai an riƙa ƙarawa.

Za a ce, to ai yaron ya gano wani sinadari ne na sirri. Akwai sinadaran da ke hanzarta sauyi, irin wanda ke cikin salansar motocin zamani yana rage dafin hayaƙi. Amma aikinsu sauƙaƙa hanya ne, ba sa rage tsayin tudu ko da taƙi ɗaya. Akwai kuma abubuwan da in an jefa su a ruwa sukan ba da iska mai cin wuta. Masu walda sun san kabayid. Sai dai makamashin daga kabayid ɗin yake fitowa, wanda aka ƙera a tanderun lantarki mai zafin kusan digiri 2,000, kuma ƙarewa yake yi a sake saye. Sau da yawa abin da ke cikin akwatin ke nan, ko batir, ko ragowar fetur a kafireto.

Ba mu muka fara faɗawa wannan rami ba. Tun 1775 Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta yanke shawarar daina duba duk wani inji da aka ce yana juyawa har abada. A 1996 wata kotu a jihar Ohayo ta Amurka ta sami Stanley Meyer, mai da'awar mota mai tafiya da ruwa, da laifin zamba, ta umarce shi ya mayar wa masu zuba jari kuɗinsu. A 2012 an yi irin wannan a Pakistan, inda ministoci da manyan masu shirye-shiryen talabijin suka rungumi wani mai suna Agha Waqar, masanin kimiyya Pervez Hoodbhoy yana ta jan hankali ana yi masa kallon mai hassada.

Hujjar da ta fi nauyi a kan matsayina ita ce ta kashe gwiwa. Yaron da ya haɗa waya da bututu a garin da babu ɗakin gwaji yana da wani abu a kansa, kuma ba kowannensu ne mayaudari ba. Wasu sun yaudari kansu ne kafin su yaudari kowa. Na yarda da wannan. Amma yabon da muke yi masa shi ke ɗaure shi shekara biyar a kan abin da ba zai taɓa yiwuwa ba, har ya ci bashi, har ya fara ɓoye batir don kada ya ji kunya. Kwatanta shi da marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, wanda ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya yaɗa ta a ƙauyuka don adana tumatir da alayyafo da gauta. Dabarar randa ce ya faɗaɗa, bai yi jayayya da dokar da ke tafiyar da ita ba, kuma ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000.

Yanzu in aka kira ni ganin inji mai shan ruwa, da jarkata nake zuwa, da dutsen guga, domin ƙwai na zamani ƙaramin batir ma yana riƙe shi tsawon dare. Nakan roƙi a zazzage tanki a gabana, a buɗe kowane akwati, a jona dutsen gugar, mu zauna daga hantsi zuwa magariba. Sau biyu na gabatar da wannan sharaɗi. Na farko ya ce injin yana bukatar gyara. Na biyu ya ce sai ya yi shawara da wanda ya ba shi jari, kuma har yau ina jiran kiransa.