Kaza da 'Ya'yanta a cikin wayarmu

'Yan uwa marubuta, a littattafanmu kowace budurwa kamar wata ɗan daren sha huɗu take. Amma yaushe rabonmu da ɗaga kai sama?

A ƙasashe da dama akwai masu ɗaukar hoton taurari don sha'awa kawai, kuma mu ma ba ya fi ƙarfinmu. A kafa waya inda ba za ta motsa ba, a bar kyamarar tana zuƙar haske daƙiƙa 10 zuwa 15, a daren da babu wata, babu ƙurar hunturu. A nan kam ɗauke wuta alheri ne. Kaza da 'Ya'yanta, da ido ke ƙirga shida ko bakwai, sai ta fito da 'ya'ya rututu, da hasken da ya baro ta fiye da shekara 400. Rana dai kada a kuskura sai da matatar haske ta musamman, tana makantarwa.

Damuwarmu sunan da za mu rubuta a ƙarƙashin hoton. Ƙannenmu na birni ba su san Gamzaki ba, balle su san shi da Zara abu ɗaya ne, wato Zuhura. Tsofaffin da suka riƙe sunayen suna ƙarewa. Mai zuwa ƙauye makon nan ya tafi da waya da biro.