'Yar Ƙaramar Miksa da Zaman Lafiyar Gida

A wannan mako zan ɗan kauce wa batutuwan da muka saba tattaunawa, in yi magana a kan wata 'yar na'ura da ba ta kai faɗin littafin rubutu ba, amma ta kashe wutar rigimar da ta kusa shiga tsakanin ɗa da mahaifinsa a gidanmu.

Ɗan yayana ɗalibi ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure. Bara ya yi ta tara 'yan kuɗinsa har ya sayi tsohon fiyano, irin wanda waƙoƙin finafinan Hausa suka dogara da shi tun ƙarshen shekarun 1990. Da aka yi hutu ya taho da shi gida Roni. Gidanmu babban gida ne, ɗaki na jikin ɗaki, katanga ɗaya ce kuma tsakaninmu da maƙwabci. Mahaifiyarmu ta tsufa, barcinta ba ya nauyi. Mai koyo kuwa, kowa ya sani, sai ya maimaita kiɗa ɗaya sau hamsin kafin hannunsa ya faɗa. Kwana huɗu aka yi, Yaya ya yanke hukunci: ko dai fiyanon ya bar gidan, ko su bar shi tare.

Ba zan shiga muhawarar matsayin kiɗa ba, wannan fage ne na malamai. Abin da babu saɓani a kansa shi ne haƙƙin maƙwabci da na tsoho mai neman hutu. Yaron ma bai musa ba. Ya zo ya same ni ya ce, "Baffa, ai ina da hedifon. Matsalar ita ce ina koyo ne da bin waƙar da ke cikin wayata. In na sa hedifon a fiyano ba na jin waƙar, in na sa a waya ba na jin hannuna." Ashe har dabara ya yi: iyafis ɗin waya a kunne ɗaya, hedifon a karkace a ɗaya kunnen.

Maganin wannan shi ne miksa, wato na'urar da ke karɓar sauti daga wurare biyu ko fiye ta haɗa su, ta ba ka ikon ƙara wannan ka rage wancan, sannan ta turo maka su cikin kunne. Sai dai sayenmu na farko asara muka yi. Aike muka yi Kano, aka kawo mana wani ɗan akwati mai ramuka huɗu na shiga da ɗaya na fita. Da muka sa hedifon, kunne ɗaya kawai ke ji, shi ma can ƙasa-ƙasa. An yi shi ne don tura sauti zuwa lasifika, ba shi da ƙarfin tuƙa hedifon. Zuwa da kai ya fi aike. Tun daga lokacin na zauna na koyi abin, kuma da yake na ga samari da yawa daga Babura zuwa Gwiwa sun rungumi fiyano da jita, na ga ya dace in raba abin da na tsinta.

Da farko, ka tabbata kana bukatar miksar. Juya bayan fiyanonka ka duba. Da yawa daga cikin na zamani, kamar Yamaha PSR-E373, suna da ramin da aka rubuta wa AUX IN. Idan akwai shi, kebul ɗaya daga wayarka zuwa ramin ya wadatar: waƙar da kiɗanka za su fito tare a hedifon, kuɗinka ya huta a aljihu. Mai shago ba lallai ne ya gaya maka wannan ba.

Idan babu, to abu na biyu shi ne ramin hedifon. Ka nemi inda aka rubuta PHONES, ka kuma tabbata yana da abin murɗawa na ƙara da rage ƙararsa. Miksar da ba ta da wannan ba taka ba ce, ko kyauta aka ba ka.

Na uku, ƙirga abin da za ka jona, ba abin da ido ya gani ya yi sha'awa ba. Mai koyo shi kaɗai yana bukatar hanya biyu: ɗaya ta kayan kiɗa, ɗaya ta waya. In zai rera waƙa, a ƙara ta makirfo. Shi ke nan. Ƙananan miksoci irin su Behringer Xenyx 502 da Mackie Mix5 da Yamaha MG06 duk sun ɗauke wannan nauyi. Miksa mai layi goma sha biyu ta masu sautin biki ce. A ɗakin ɗalibi ba abin da za ta tara sai ƙura. Haka nan wutar 48V da ake tallata wasu da ita, amfaninta ga wani nau'in makirfo ne na situdiyo. Fiyano ba ruwansa da ita.

Na huɗu, kuma a yankinmu shi ne babba: da wace wuta take aiki? Lokacin da mai koyo ya fi samun sukuni shi ne dare, kuma babu wanda zai rantse cewa zai sami wuta a daren. Tayar da janareta don a yi kiɗan shiru kuwa, an gudu ne ba a tsira ba. Wasu miksocin, kamar Xenyx 502, sai da adaftarsu ta musamman a jikin soket, kuma in ta ƙone samun irinta aiki ne. Wasu kuwa, kamar Xenyx 302USB, wutar USB mai bolt 5 suke sha, don haka fawabank ɗin da kake cajin waya da shi zai riƙe su. Irin wannan muka saya a karo na biyu. Da yake fiyanon yaron yana aiki da batir, yanzu ko garin ya yi duhu ɗif yana iya darasinsa. Mai sayen ta hannu kuma ya karanta jikin adafta da kyau: wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Adaftar da aka yi don wutar Amurka kaɗai, soka ta ɗaya za ka ji ƙauri.

Na biyar ya shafi masu jita. Sautin da ke fita daga fiyano yana da ƙarfi, kowace miksa za ta karɓe shi. Na jitar lantarki kuwa rarrauna ne, yana son rami na musamman da akan rubuta wa Hi-Z ko a zana hoton jita a kansa. In ka soka ta a ramin da ba nata ba, za ta yi ƙara amma muryarta za ta dushe kamar mai mura. In miksar ba ta da wannan rami, sai jitar ta fara bi ta cikin ɗan akwatin gyaran sautinta kafin ta shiga.

Na shida, kebul. Kan kebul iri biyu ne aka fi haɗuwa da su: babba mai milimita 6.35 da ƙarami mai 3.5 irin na waya. Ka lissafa waɗanda kake bukata da mahaɗansu tun a shago, don kada ka dawo gida ka tarar abu ɗaya ya rage. Kada kuma ka yi amfani da hedifon na Bluetooth. Sautinsa yana makara kaɗan, sai ka danna ka ji daga baya, wannan kuwa yana ɓata wa mai koyo lissafin kiɗa. In ka ji wani zuu a kunne, cire wayar daga caji tukuna kafin ka zargi miksar. Sau da yawa caja ce mai laifin.

Kano ba ta fi kimanin kilomita 80 daga Kazaure ba. Ka shiga mota da kanka zuwa shagunan kayan sauti na Sabon Gari, ka tafi da hedifonka da wayarka, in da hali har da fiyanon. A jona a gabanka. Murɗa kowane maɓalli a hankali ka saurara ko yana ƙaraf-ƙaraf. Tabbatar kunnen dama da na hagu duka suna ji. Kashe komai ka ƙara sauti ka ji yawan shuu ɗin da ya rage. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma tsada ma ba shaida ba ce. Gwaji ne shaida. In ka kawo ta gida, ka riƙa rufe ta da ƙyalle, domin ƙurar hunturu ita ce ajalin maɓallan.

Saura gargaɗi ɗaya, wanda ya fi duk na baya nauyi. Ƙarar da ka ɗauke wa maƙwabci, cikin kunnenka ka zuba ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Ba kowa ke da abin awo ba, amma ga gwaji mai sauƙi: in mutum ya tsaya kusa da kai yana magana ba ka ji, ka rage. In ka cire hedifon ka ji kunnenka na ƙugi, ka riga ka wuce gona da iri. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa, makaɗi kuma da kunnensa yake cin abinci.

A hutun da ya wuce na kwana a Roni. Bayan lisha na leƙa ɗakin yaron, na same shi yana ta kaɗa kai, yatsunsa na yawo a kan fiyano, ba abin da ke tashi sai ɗan taf-taf na maɓallai. Tsohuwa tana barcinta. Da safe Yaya ya tambaye ni, "Wai yaron nan ya daina kiɗan ne?" Na ce a'a, Yaya, yanzu ma ya fara iyawa. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "To, wata rana ya sa mini abin kunnen in ji."

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.