Babbar taya, tsohon birki

A tashar Tasawa da ta Mayahi muna ganin kat-kat da aka sa ma manyan tayu don ratsa rairayin Gulbin Kaba. To, birkin fa? Taya in ta ƙara girma da nauyi, birkin da motar ta zo da shi ba ya riƙe ta da wuri. Ga buhunan hatsi, ga mutane har bisa. Ran da aka hau kwalta yaro ya gitta, mota sai ta zarce. Direbobi, don Allah wanda ya canza taya ya je gareji a sa mishi plaket masu ƙarfi, a sake man birki. Iyayenmu ne kuke ɗauka kasuwa. Allah shi kiyaye.